Yadda ake gyara salansar mashin ta yi murya mai daɗi ba tare da ka kashe injinka ko ka addabi unguwa ba

Duk wanda ya taɓa zama a bakin garejin masu gyaran babur ya san wannan zancen, yaro zai turo sabon Boxer ɗinsa ko Haojue ko roba-roba, ko ledar sit bai gama cirewa ba, ya ce da makanike "oga a buɗe min salansa ta riƙa kuka". Makanike kuma kuɗinsa yake nema, sai ya ɗauko dogon ƙarfe da guduma ya zura ta bakin salansar ya fasa abin da ke ciki, minti goma an gama, yaro ya hau ya murɗa totur yana jin kamar ya ƙara wa mashin ƙarfi. Nima na yi haka da mashin ɗina na farko, kuma abu biyu ne suka biyo baya, na farko bawul ya ƙone aka sauke min tof, wato kan inji, na biyu wani dattijo maƙocinmu ya tare ni bayan sallar asuba ya ce "ɗana, mai ɗakina ba ta da lafiya, in ka shigo da dare sai ta zabura ta kasa komawa barci". Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai na ji nauyi a ƙirjina. Tun daga nan na shiga koyon yadda ake abin da kyau, don ni har gobe ina son mashin mai kwalliya mai murya, ban daina ba, hanyar kawai na sake.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne ƙara daban ƙarfi daban. Salansar kamfani ba gwangwani ba ce kawai, a cikinta akwai ɗakuna da bututu mai huji-huji, ni hanjin salansa nake ce masa, hayaƙi in ya fito daga inji da zafinsa da bugunsa sai ya bi ta nan ya rarrabu ya huce kafin ya fita, kuma tsawon bututun da faɗinsa an auna su ne daidai da girman injin da kuma yawan man da kafireta ke bayarwa. In ka fasa hanjin nan a ƙaramin inji mai cc 100 ko 125 ko 150, abin da ka fi samu shi ne ƙara, sannan sau da yawa ka rasa jan da mashin ke yi a ƙasa, wato lokacin tashi da hawan tudu da ɗaukar kaya, wanda shi ne ma amfanin mashin a wajenmu. Kunne ne ke yaudarar mutum, yana jin ruri sai ya ɗauka gudu ne.

To mataki na farko, kafin ka taɓa ko noti ɗaya, ka tabbata takardunka sun cika. Rasit ɗin saye, lamba, takardar mallaka, inshora, da lasin ɗin tuƙin babur wanda a Najeriya shi ne aji A. Ka duba lambar cesis da lambar inji sun yi daidai da abin da ke rubuce. Dalilin da yasa na sa wannan a gaba shi ne mashin da aka yi wa kwalliya ido yake ja, 'yan rod sefti da 'yan VIO da KAROTA in a Kano kake ko KASTLEA in a Kaduna, kai za su fara hangowa a cikin mutum ashirin. Kuma in za ka yi fenti dan Allah kar ka bari mai fenti ya goge lambar cesis da sanfefa ko ya cike ta da fenti har ta daina karantuwa, ka sa a manna mata salatif kafin a fesa, don mashin da lambarsa ta goge kowa kallon na sata yake masa. In ka sake launi gaba ɗaya, ka je a gyara a takarda.

Maganar doka kuwa, mutane da yawa sun ɗauka babu wata doka a kan ƙara a ƙasar nan, akwai. Ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun wajabta wa abin hawa mai inji ya kasance da salansa mai aiki. Sannan akwai hukumar NESREA mai kula da muhalli da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009, a ciki an raba rana da dare, rana daga 6 na safe zuwa 10 na dare, dare daga 10 zuwa 6, kuma a unguwar da ta haɗa gidaje da ɗan kasuwanci ma'aunin shi ne desibel 55 da rana, 45 da dare, desibel shi ne awon ƙarfin sauti, kusa da asibiti ya fi haka ƙasa. Wannan ma'aunin sautin wurin ne baki ɗaya ba na bakin salansa ba, amma ka auna da hankalinka, hirar mutum biyu a zaune kusan 60 take kaiwa, to ina ga salansar da aka farke cikinta ƙarfe ɗayan dare a lungu mai katanga hagu da dama. Cewa ba a cika kama mutane a kai ba bai sa ta daina zama doka ba, ranar da jami'i ya so riƙe ka da ita zai riƙe ka kuma ba ka da bakin magana.

Wasu ƙasashen sun wuce nan. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS ɗin da muke hawa, 'yan sanda kan kwance salansar da aka sauya su jera a titi su bi ta kai da motar daddanne kwalta a gaban jama'a. A yankin Tirol na Ostiriya tun 2020 akwai hanyoyin da aka hana duk babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95 bi a lokacin bazararsu. A Faransa sun fara gwada na'urar da ke jin ƙara ta ɗauki hoton lamba a 2022. Mu kuma namu ya fi nasu tsanani ta wata fuskar, don mu in abu ya ɓaci ba salansa ake hanawa ba mashin ɗin ake hanawa ɗungurungum. Maiduguri an hana babur a 2011, Kano an hana acaba a farkon 2013, Diffa a Nijar an sa dokar hana babur a 2015, duk saboda tsaro ne ba saboda ƙara ba, amma darasin shi ne mai babur a yankinmu kullum a bakin gaɓa yake. Sannan salansar nan mai harbi "tau tau" kamar bindiga, a garin da mutane suka san ƙarar bindiga ta gaske, ka sa mata da yara gudu cikin dare, wannan ba burgewa ba ce cutarwa ce, kuma duk masu mashin ake zagi ba kai kaɗai ba.

Mataki na biyu, ka auna muryar mashin ɗinka yadda yake yanzu kafin ka canza komai. Akwai manhajojin auna ƙara kyauta a waya, ba su kai na'urar gaske daidaito ba amma don kwatanta jiya da yau sun wadatar, muddin waya ɗaya ka yi amfani da ita duka biyun. Ka fita fili inda babu katanga ko mota kusa, aƙalla mita 3 ta kowane gefe, ka bar injin ya yi ɗumi, ka ɗora a doguwar jak, ka riƙe wayar nisan rabin mita daga bakin salansa, daidai tsayinta, ba a saitin hayaƙin ba, ka karkace gefe kamar rabin kusurwa, digiri 45 kenan, haka masu gwajin ke yi. Ka rubuta abin da ta nuna a silo, wato inji na aiki ba a murɗa totur ba, sannan a murɗa totur zuwa tsakiya a riƙe. Yawancin mashinanmu ba su da agogon juyin inji, to dabarar ita ce ka manna salatif a robar totur da jikin makunnin, ka ja layi da biro, duk sanda za ka sake gwaji ka kai layin wuri ɗaya. Ka sani lissafin desibel ba irin lissafin kuɗi ba ne, ƙarin 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin sautin, ƙarin 10 kuma kunne zai ji kamar an ninka ƙarar sau biyu. Ni iyakar da na sa wa kaina ita ce kar in wuce ta kamfani da fiye da 3 zuwa 5. Kuma don kunnenka ma, masana lafiya sun ce daga 85 zuwa sama in mutum ya daɗe a ciki awa 8 a rana ji yana lalacewa, kuma duk ƙarin 3 lokacin raguwa yake da rabi, wanda ke yini a kan mashin shi ya fi kowa kusa da salansar nan, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Na uku, ka yi sabis tukunna. Sau da yawa mashin da mai shi ke cewa ya mutu ba ya ja a buɗe masa salansa, ba salansa ce matsalarsa ba. Ka juye baƙin mai, ka duba fulogi, a saita bawul, a wanke kafireta, ka duba iyakilina, wato matatar iskar inji, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. In na soso ne a wanke da kalanzir a matse ba murɗewa ba, ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai kaɗan a mayar, in na takarda ne ba a wanke shi, kaɗewa ake ko a sake sabo. Masu cire iyakilina gaba ɗaya wai inji ya sha iska, yashi suke ba shi ya ci fistin da ringi, wata nawa ne sai hayaƙi. In kuma mashin ɗinka irin tsofaffin nan ne masu shan mai haɗe da injin oyil, su Suzuki da Jincheng na da, to su salansarsu toshewa take da baƙin dauɗa, hanjinta ma da sukuru ɗaya yake fita, a zaro a ƙona dauɗar a kankare da burushin ƙarfe a mayar, za ka sha mamakin yadda zai dawo. Irin waɗannan kar ma ka soma yanke musu tumbin salansa, siffar tumbin nan tana cikin aikin injin, in ka ɓata ta ka ɓata jan.

Na huɗu, zaɓen hanya. Shawarata kar ka fasa ta kamfani ko kaɗan, ka kwance ta ka shafa mata mai ka naɗe a buhu ka ajiye a gida. Ranar da za ka sayar da mashin, ko aka fara kame, ko ka gaji da sabuwar, noti uku ne ka mayar. Ka sayi wata daban ka yi wasanka a kanta, ko ta hannu ko irin na kwalliyar nan da ake samu wajen masu kayan babur, a Kano ko Fanteka a Kaduna ko duk kasuwar da ke kusa da kai. In za ka saya ka leƙa cikinta da fitilar waya, in kana hango wancan bakin fayau babu komai sai gwangwani, ƙara ce zalla. Wadda ake so ita ce mai bututu mai huji-huji a tsakiya da auduga a kewaye, kuma murfin bayanta yana kwancewa, sannan in da hali mai ɗan ƙaramin bututun da ake zurawa a baki a ɗaure da sukuru don rage ƙara. Ka ɗaga ka ji nauyinta, mai kamar gwangwanin madara ba za ta yi damina ɗaya ba. Kuma ka lura da faɗin wuyan, kar ka ɗauko bututu mai faɗin na babban mashin ka liƙa wa cc 100, hayaƙin zai rasa saurinsa, jan ƙasa ya tafi. Wuya ya tsaya kusa da faɗin na kamfani, tumbin ne in ya ɗan fi girma yake ba da murya mai kauri. Wannan shi ne sirrin da yawancin yara ba su sani ba, kaurin murya daga girman tumbi da audugar ciki yake zuwa, fasa hanji kuwa tsiwa kawai yake kawowa irin ta injin markaɗe.

Na biyar shi ne aikin kansa, kuma nan zan daɗe. Inji ya huce sarai tukunna. Notinan da ke riƙe wuyan salansa a jikin tof su ne masu wahala, zafi da tsatsa sun cinye su, ka zuba musu man kwance tsatsa ko kalanzir tun dare, da safe ka sa sifana daidai girmansu ka bi a hankali, in ya ƙi ka ɗan ɗaure kaɗan sannan ka kwance, kar ka sa ƙarfi, in ƙusar nan ta karye a cikin tof ka sayi aikin da ya fi salansar tsada. Ka kwance na baya mai riƙe da tumbi, ka zare. A cikin ramin akwai wani zobe, gasket, yawanci na jan ƙarfe, ya riga ya lotse, ka ciro shi ka sa sabo, kuɗinsa kaɗan ne amma shi ke hana iska shiga ta wuya, kuma yawancin harbin da mashin ke yi in an saki totur daga nan yake.

In sabuwar salansar babu komai a cikinta ko audugar ta yi kaɗan, ga yadda ake cika ta. Ka cire ribit ɗin murfin baya da dirila, ka zaro bututun tsakiya. In babu shi mai walda zai iya yi maka, bututun baƙin ƙarfe mai faɗin wuyan, a huda shi ƙananan huji da yawa ko'ina a jiki. Kar a yi da fayif ɗin ruwa mai farin shafe, in wuta ta taɓa shi hayaƙin da yake fitarwa guba ne ga mai waldar. Ka fara naɗe bututun da sosan ƙarfe marar tsatsa, irin na wanke tukunya amma na silba mai kauri, shi zai tare zafin farko, sannan ka bi da audugar gilashi, faiba, ka naɗa ta zagaye har ta cika tumbin, ka ɗaure da siririyar waya wuri uku ko huɗu. Kar ka danƙare ta kamar kana cusa kaya a buhu, in ta yi tauri sautin ba ya shiga cikinta sai ya wuce abinsa, in ta yi sako-sako kuma hayaƙi ya busar da ita cikin sati biyu, ana so in ka danna da yatsa ta ɗan lotsa ta dawo. Ka sa safar hannu da takunkumi, faiba tana shiga fata tana ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙarta. Audugar katifa ko tsumma ko soso kar ka kuskura, wuta za su kama. Ka mayar da bututun, ka rufe murfi da sabon ribit ko sukuru. Duk wata walda a yi ta salansa tana ƙasa nesa da mashin, ba a walda kusa da tankin mai, na ga wanda ya yi gangancin nan kuma ban so in sake gani.

Wajen ɗorawa, ka fara sa duk notinan da hannu sako-sako, na wuya da na baya, ka ga salansar ta zauna ba tare da an tanƙwara ta da ƙarfi ba, sannan ka ɗaure na wuya kaɗan-kaɗan, wannan juyi ɗaya wancan juyi ɗaya, don gasket ya kwanta daidai, na baya shi ne ƙarshe. Ka duba ba ta taɓa fedar birki ba, ba ta hana kik sauka ba, ba ta kusa da taya ko shok ko wata waya, kuma ka sa mutum ya hau baya ya danna ka ga ko za ta gogi wani abu. Ka goge shatin hannunka da ke jikinta kafin ka tayar, in ba haka ba zafi zai gasa shi ya zauna. Sai ka tayar a waje, a fili, ba a cikin zaure ko shago a rufe ba, hayaƙin mashin irin na janareta ne da ke kashe mutane suna barci. Tun injin bai yi zafi ba, sai ka kai hannu kusa da wuyan, in ka ji iska na busowa ko kana jin "tsit tsit" to akwai yoyo, a sake zama.

Abu ɗaya da ba na yafewa shi ne murfin kare zafi. Salansar kwalliya da yawa ba sa zuwa da shi, kuma mu mashin ɗinmu na iyali ne, uwargida za ta hau, ƙanwa za ta hau, yara za ka kai makaranta. Ƙunar salansa a ƙaurin yaro tabo ne na har abada, kowa ya san wani mai irinsa. Ka sa a yi maka faranti a ɗaura da ɗan tazara tsakaninsa da tumbin. Haka ragar nan ta gefen tayar baya da murfin cen, samari na cirewa wai mashin ya fi kyau tsirara, alhali su ke hana hijabi da zani da bakin babbar riga shiga taya. Ka bar su, in kwalliya kake so ka yi musu fenti.

Na shida, kafireta. Duk sanda hayaƙi ya samu hanya fiye da da, akwai yiwuwar mai ya yi wa injin kaɗan, iska ta yi yawa, inji ya riƙa zafi fiye da kima, abin da ya ƙona min bawul kenan. Alamominsa, harbi in ka saki totur, silo ya riƙa rataya a sama kafin ya sauko, mashin ya yi kamar zai shaƙe in ka murɗa da sauri, wuyan salansa ya yi shuɗi da wuri. Fulogi shi ne shaidarka, ka sa mai kyau ka yi tafiya mai ɗan nisa da gudun da ka saba, ka tsaya ka bari ya huce ka ciro. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara lafiya lau, in fari ne fat mai ya yi kaɗan, in baƙi ne mai gari-gari mai ya yi yawa, in baƙi ne mai maiƙo wannan baƙin mai ne ke hawa, matsalar ringi ce ba ta kafireta ba. Akwai ɗan sukuru a gefen kafireta ban da na silo, kafin ka taɓa shi ka ɗaure shi a hankali kana ƙirga juyi har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, ka rubuta, ka mayar inda yake, don in ka rikice ka san gida. Sai ka riƙa juya shi kwata-kwatan juyi inji na ɗumi kana saurare har ka sami inda silo ya fi daidaituwa. In sukurun yana ɓangaren inji ne, kwancewa ƙara mai ne, in yana ɓangaren iyakilina ne, kwancewa ƙara iska ne, mutane da yawa nan suke juya abin. In tsakiyar totur ce ke da rauni, allurar kafireta in mai gaɓa-gaɓa ce a sauko da kilif ɗinta gaɓa ɗaya, allurar ta ɗaga mai ya ƙaru. In raunin a ƙarshen totur ne, a ƙara jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi a cikin kafireta, lamba ɗaya kacal, a sayi jet ɗin, kar a bari makanike ya faɗaɗa ramin da allura ko waya, ramin da aka ɓata ba ya komawa kuma da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023 kai za ka ji a aljihu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda sannan a gwada. In mashin ɗinka sabon yayi ne mai injekta ba kafireta, duk wannan ba naka ba ne, ka kai wa wanda ya san su.

Yanzu ka koma filin nan da wayar nan da layin salatif ɗin nan ka sake aunawa. In ta haura iyakar, ka zura ƙaramin bututun rage ƙara a baki, ko ka ƙara auduga. Sannan gwajin da ya fi na waya, ka ba abokinka ya hau ya wuce ta gabanka a layinku kai kana tsaye a ƙofar gida, don wanda ke kan mashin ba ya jin abin da na bayansa ke ji, bakin salansa baya yake kallo. Wannan ma shi ne amsar masu cewa ƙara tana sa direba ya san kana tafe, ƙarar tana bayanka, mai motar da zai shigo maka yana gabanka gilas a rufe, fitila da hon da kaya masu haske sun fi ta amfani.

Sauran kwalliya ba zan ja ba. Sitika, fenti, rigar sit, robar hannu, duk yi abinka. Fitilar LED tana da kyau amma a ja ta ta fiyus, kar a yayyanke wayarin ana murɗawa da leda, kuma ka saita ta ƙasa kar ka makantar da mai tahowa. Ja a baya, ruwan lemo a sigina, shuɗi da ja masu walƙiya da jiniya na jami'ai ne za su ja maka magana. Hon ɗin tirela a kan babur firgita mutane yake har su faɗa gabanka. Madubi biyu su zauna, lamba ta zauna a miƙe ana karanta ta. In kana son mashin ya rage kuka a doguwar hanya, ƙara haƙori ɗaya a siroket ɗin gaba yana sauke juyin inji, amma zai ɗan rage jan tashi, in mai ɗaukar kaya ne kai ka bar shi yadda yake. Cen kuma a bar masa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya.

Rabin ƙarar a hannunka take. Salansa ɗaya, wani zai wuce ba a sani ba wani zai tashi layi guda. A cikin unguwa ka sa giya da wuri ka bar injin yana tafiya a ƙasa, kar ka ja giya ɗaya har ta yi kururuwa. Da asuba ba sai ka yi ta zuga totur ba wai inji ya yi zafi, minti ɗaya a silo ya isa, zugar ma cutar da inji take tunda baƙin mai bai gama zagayawa ba. In ka dawo dare ya yi nisa ka saki totur tun daga bakin layi, ni in na wuce sha ɗaya kashewa nake in tura 'yan takun da suka rage. Asibiti, makaranta, masallaci ana salla, gidan rasuwa, maƙabarta ana jana'iza, duk wuraren sassautawa ne. Rakiyar ango kuwa nan ne aka fi yin ɓarna, ɗaga kai da jan birki da zuga a cikin taron yara, in kana son wasa da mashin ka nemi fili a bayan gari inda ba kowa, da hular kwano a kanka, wadda dama tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, kuma ka ɗaure igiyarta, hular da ba a ɗaure ba tun kafin ka kai ƙasa ta yi nata wuri. Ka koyi haɗa birkin gaba da na baya tare, na gaba shi ne mai yawan tsayarwa, sai dai a kan yashi ko cikin kwana a bi shi da lallashi.

Bayan kwana biyu ko uku da ɗora sabuwar salansa ka sake bin notinan wuya inji na sanyi, zafi da sanyi suna sassauta su, sannan ka sake ciro fulogi bayan sati ka duba launinsa. Audugar ciki kuma tana cinyewa a hankali, in ka ji muryar ta fara tsiwa ko tumbin ya fi da zafi, ko wayar ta nuna ta haura abin da ka rubuta, lokacin sake cikawa ya yi, sai ka tanadi faiba da ribit tun kafin ka buɗe.